Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Shari'a: Wane ne Ɗan Ta'adda a Dokarmu?

Mai girma Minista, Lateef Fagbemi,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, na rubuto ne kan ma'anar ta'addanci a dokar ƙasar nan, wadda take ta faɗaɗa har ta fara haɗiye waɗanda ba dominsu aka yi ta ba.

Kundin Penal Code da Arewa ke aiki da shi tun 1960 bai san wani laifi mai wannan suna ba. Ya san kisan kai, ƙone-ƙone da tarzoma. Sai bayan harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka, da ƙuduri na 1373 na Kwamitin Sulhun Majalisar Ɗinkin Duniya, kalmar ta shigo mana, ita ma a raɓe cikin dokar EFCC, hukumar da aka kafa don yaƙi da almundahana. Doka mai cin gashin kanta ba ta zo ba sai Yunin 2011, da Shugaba Jonathan ya sa hannu, lokacin Boko Haram ta riga ta jiƙa Maiduguri da jini. A 2013 aka yi mata gyara aka tsaurara hukunci, aka haramta Boko Haram da Ansaru, ɓangaren da ya ɓalle daga gare ta. Daga nan aka haramta IPOB, ƙungiyar masu neman ɓallewar Biafra, a 2017, Harkar Musulunci ta Zakzaky a 2019, 'yan bindigar daji a ƙarshen 2021, sannan aka samu sabuwar dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Mayun 2022.

Wanda ya binne ɗan'uwa a Borno ko Zamfara ba zai ce ba a bukatar dokar ba. Damuwata wanda tarkon yake kamawa.

Dubi shari'un da aka fara a barikin Wawa, kusa da Kainji, a Oktoban 2017, a asirce. Ɗaruruwa aka sallama don babu hujja, bayan sun shafe shekaru a tsare. Cikin waɗanda aka ɗaure kuwa, akwai masu laifin kai wa mayaƙa kaya ko ƙin kai rahoto. Manomin da aka ɗora wa bindiga a ka aka ce ya kawo buhun gero, a ƙauyen da babu soja babu ɗan sanda, wa zai kai wa rahoton? Bai kamata doka ta haɗa shi layi ɗaya da mai ɗaura bam ba.

Sai yaran zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024. Dokar 2022 da kanta ta cire zanga-zanga da yajin aiki daga ta'addanci muddin ba a nufi cutarwa ba, amma da ita aka samo umarnin tsare mutane kwana 60. Ranar 1 ga Nuwamba muka ga yaran Kano da Kaduna a kotun tarayya ta Abuja, haƙarƙari a waje, suna zubewa ƙasa don yunwa. Kai ka karɓi fayil ɗin, aka janye tuhumar. Allah ya saka da alheri. Amma sashen da ya ba da ƙofar yana nan daram.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka kai wa Majalisar Tarayya gyara. A rubuta ƙarara cewa wanda aka tilasta ba mai taimaka wa ta'addanci ba ne, a hana tsare mai zanga-zanga ko ƙaramin yaro da wannan doka, kuma kada alƙali ya ba da umarnin tsarewa sai an kawo masa wanda ake tuhuma ya gan shi da idonsa.

Wassalam.
Wani ɗan ƙasa daga Kano.