Saura Mana Kirsimeti Ɗaya a Salaga

Salaga, ƙasar Gana
Oktoba, 2025

Uwar biyu, ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kuna lafiya, ke da Baban biyu da yara da jikoki. Yaya ƙafar Yaya Babba? An gama da gero? Dawa ta fitar da kai? Mu nan sai godiya, in ban da gwiwar Malam da hawan jinina da kika sani.

Na zaɓi in rubuta ne don a waya ba na samun sakewa. Ko layi ya yanke, ko Malam yana zaune kusa yana kasa kunne. 'Yar fasto za ta ɗauki hoton takardar ta turo miki ta WhatsApp, ki sa ɗaya cikin tagwaye ya karanta miki in rubutun ya yi miki ƙanana.

Takardar ritayar Malam daga aikin bishara ta iso daga ofis. Za a yi mana sujadar sallama ranar Lahadin da ke bin Kirsimeti, mu kuma kama hanya cikin Janairu tun zafi bai sauko ba. Kin sha tambayata me muke yi yanzu tunda an naɗa wani fasto, ina ce miki muna nan dai. Gaskiyar magana, aikinmu yanzu janye hannu ne, kuma tun da na auri Malam ban ga aikin da ya ba shi wuya irin wannan ba.

Ladanin masallacin bayan katangarmu shi ke tashinmu, kamar kullum. Mu yi addu'a, in karanta mana Zabura, don yanar ido ta rufe wa Malam ido ɗaya, ɗayan ma sai da tabarau. Littafi Mai Tsarkin nan ne dai da kika raka ni saye a Zariya, bangon ya rabu na ɗinke da zaren buhu. Sai in aika a karɓo koko da ƙosai. A da, kafin in kwashe kofuna ya ɗaure jaka a bayan babur ya nufi ƙauye, wani lokaci sai bayan kwana biyu in gan shi, ja wur da ƙura. Yanzu babur ɗin yana hannun sabon fasto. Amma Malam bai fasa shiri ba. Zai yi wanka, ya sa riga, ya ɗaure takalmi, ya sa biro a aljihu, sannan ya fito ya zauna gindin darbejiya yana kallon hanya. Rannan na ce masa sabo turken wawa. Ya ce, "Na ji, wawan ya gode."

Faston nan kin san shi a baki. Yaron nan ne ɗan ƙabilar Konkomba da ya zauna a zaurenmu lokacin yana sakandare, wanda na ce miki ni na saya masa takalminsa na farko. Ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki, ya yi aure, 'ya'yansa uku. Yana wa'azi da harshen uwarsa, yana karantawa daga Littafi Mai Tsarki na yarensu da masu aikin fassara na Tamale suka fitar. Malam ya yi shekaru yana wa'azi da Hausa ana yi masa tafinta, daga baya ya koyi yaren gwargwado, har gobe kuma yara na dariyar yadda yake lanƙwasa shi. Ni da ke zaune a ɓangaren mata ina ganin bambancin. In yaron nan ya hau bagade, tsofaffin da ke gyangyaɗi a da su ke fara amsawa. Na faɗa wa Malam haka, ya ce ai abin da muka zo nema ke nan. Ya faɗa da gaske, amma na lura bai ƙara miya ba ranar.

A majami'a yanzu bencin baya yake zama. In ana waƙa yana yi, in an fara wa'azi sai ki ga leɓensa na motsi, yana riga mai wa'azin kai wa ayar.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne na watan jiya. Da magariba wasu dattawa biyu suka zo daga ƙauye da doya da zabuwa a hannu. Rigimar iyakar gona ce tsakanin 'yan ikkilisiya biyu, kuma Malam yana wurin ranar da aka kafa iyakar, ya san itacen da aka yi alama da shi. Ya ba su ruwa, aka gaisa har kan awaki. Da suka kawo maganar sai ya ce su tafi wurin fastonsu. Suka ce, "Baba, ai shi yaro ne." Ya ce, "Ni ma yaro ne ranar da kuka fara kawo mini ƙara." Ya karɓi doyar, ya ce su wuce wa fasto da zabuwar. Daren nan juyi kawai yake yi a gado. Fasto ya saurari maganar, ya kira shaidu, ya yanke abin da ba daidai yake da wanda Malam zai yanke ba: ya raba wurin biyu maimakon ya mayar wa mai shi. Malam bai ce uffan ba, ko a gabana sai da na tone shi. Ni dai ina ganin ya yi daidai da ya yi shiru. Mun ga tsofaffin masu bishara da suka riƙe makulli da littafin kuɗi har ranar da aka ɗauke su, ko shekara ba a yi ba ikkilisiyar ta rabu gida biyu, don babu wanda aka taɓa bari ya yanke magana.

Da rana muna zaman miƙa littattafai. Rajistar baftisma, ta aure, takardar filin majami'a da aka sa wa hannu a fadar sarkin Kpembe da ke kusa da Salaga, da littafin baiko tun daga shafin farko. Nan ne muke samun dariya. Matar fasto ta buɗe wani tsohon shafi ta ga baikon Lahadi ɗaya sidi 200,000, ta dafe ƙirji ta ce ashe da can masu kuɗi ne mu. Sai da Malam ya tuna mata a 2007 aka canja kuɗin ƙasar, sidi 10,000 na da ya koma sidi 1, wato abin da ta gani sidi 20 ne. Har yau ma tsofaffin mata a kasuwa da tsohon lissafi suke ciniki, baƙo ya ji an ce masa tumatir dubu hamsin ya zabura.

Nawa ɓangaren ya fi sauƙi, ko don mata ba su da girman kan maza ne. Zumuntar mata tuni matar fasto ke ja. Ajin karatu na ranar Alhamis wata da na koya wa baƙaƙe da wasula da hannuna ce ke riƙe da shi. Sabulu da man kaɗanya kuwa sun fi ni iyawa tun tuni. Keken ɗinkina ne kawai na kasa yanke shawara a kansa. Mata uku sun nuna suna so, kowacce ta biyo ta bayan gida.

Ba ki taɓa zuwa ba, don haka ba za ki gane yadda muka tarar da wurin nan a 1996 ba. Shekara biyu ke nan da yaƙin 1994, wanda Konkomba suka gwabza da Nanumba da Dagomba da Gwanja. Mun ga ƙauyuka babu rufi, an ƙone su ƙurmus. A shekarar da muka zo ne aka sa hannu kan sulhu a Kumasi, amma sulhun takarda daban, na zuciya daban. Mutumin Konkomba ba ya shiga kasuwar Salaga da sakin jiki, ɗan gari ba ya kwana a ƙauye. Abin da ya taimake mu shi ne mu ba na kowa ba ne. Baƙi ne daga Nijeriya, ga Hausa a baki, Hausa kuwa ita ake ciniki da ita a nan. Malam ya sha kawo saƙon bashi daga ƙauye zuwa gari, ya koma da gishiri da kananzir. Mutanen zango kuma mamakinsu ɗaya: Bahaushe, ɗan ƙasar Katsina, kuma Kirista? Wani tsoho sai da ya tambayi Malam sunan garinsu da na kakansa kafin ya yarda.

Cikin waɗanda suka yi mamakin har da Hajiya maƙwabciyata mai goro. Kakanta daga Kano ya zo da ayarin fatake, zamanin da Salaga ce babbar kasuwar goron Gwanja, ana kawo kanwa da tufafi da fata a koma da goro a kan jakuna. Ita ta nuna mini tsofaffin rijiyoyin garin da wurin da aka sayar da bayi. Ita ta ba ni labarin basasar 1892 da ta watsa kasuwar, malamai da 'yan kasuwa suka bazu, ciki har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya koma Kete-Krachi ya rasu can a 1934. Ba ta taɓa taka Kano ba, amma in ta ce "gida" can take nufi. Ba ta shiga addinina ba, ban shiga nata ba. Naman layya yana shigowa gidanmu, shinkafar Kirsimeti tana shiga nata. Da na gaya mata ranar tafiya, cewa ta yi, "To wa zai riƙa yi mini faɗa a kan gishiri?" Ita ma hawan jinin gare ta.

Hajiyar nan ce ta kwana da ni a asibiti lokacin sanƙarau na 1997. Kin san sauran. Kabarin yaron namu yana bayan majami'ar farko, wadda muka gina da laka. Malam ya sa an zagaye shi da bulo an shafe da siminti, matasan ikkilisiya kuma sun ce sharar wurin tasu ce. Ba mu cika yin maganar ni da shi ba. Ina gaya miki ne don in mun iso kika ga wani lokaci na yi shiru, kada ki ɗauka wani ne ya ɓata mini.

Babbar 'yarku ba za ta biyo mu ba, tana Kumasi da mijinta, jikokin nan Turanci da Twi suke yi, Hausarsu ta gaisuwa ce kawai. Za su zo Kirsimeti. Mu ma ɗin ku shirya yi mana dariya, Hausarmu ta sha ruwan zango.

Yanzu maganar hanya. A da ta Paga muke fita, mu bi Wagadugu, Yamai, Maraɗi, mu shigo ta Jibiya, kwana kaɗan muna gida. Wannan hanyar ta mutu gare mu. Ga 'yan bindiga a dajin Burkina Faso, ga shi kuma ita da Nijar da Mali sun fice daga ECOWAS a Janairun bana, ba wanda zai ɗauki tsofaffi biyu da kaya ya bi can. Ta kudu kuwa, Akara, Aflao, Lome, Kwatano, Seme, Legas, sannan a sake miƙo arewa, gwiwar Malam ba za ta ɗauka ba. Abin da muke dubawa shi ne mu bi Yendi mu tsallaka Togo ta Tatale, mu ratsa Kara da Djougou da Parakou da Nikki, mu shiga Nijeriya ta Chikanda. Hajiya ta ce kusan sawun kakanta ke nan za mu bi, sai dai mu ba goro. Kaya ba za mu ɗauko da yawa ba. Littattafan Malam rabi za su zauna wa fasto, gado da kujeru ma haka. Tukwanena na ƙarfe dai ba mai raba ni da su.

Kuɗi kuwa kada ki sa rai da yawa. Tallafinmu da naira yake zuwa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira ta faɗi, bana kuma sidi ya yi ƙarfi, sai ya zama abin da ke isa wata ɗaya a da yanzu da ƙyar yake kai mako uku. Doyar da mutanen ƙauye ke kawowa ce ke rufa mana asiri. Ina faɗa miki ne don na san mutanenmu, za a ce sun dawo daga ƙasar waje. Ki fara shaida wa dangi tun yanzu, cikin hikima irin taki.

Ga abin da nake roƙo. Ki sa Baban biyu ya duba ɗakin Malam na gidan gado, ya ga ko kwanon zai gyaru ko sai an sauya, ya kira kafinta ya faɗi kuɗin a rubuce. A yi mana banɗaki na zama kusa da ɗaki, tsuguno ya gagari Malam. Gonar da ɗan Yaya Babba ke nomawa kada a tayar masa da hankali, shekarunsa nawa yana wahala da ita. Malam ya ce a yanka masa gefen da ke kusa da rijiya kawai, ya samu inda zai sa kuɓewa da yakuwa. Ni ce ma na matsa a kan wannan, don mutumin da ya saba fita tun safe, in aka zaunar da shi ba abin yi, ciwo ne zai same shi. Ki kuma yi wa faston gida magana a asirce: in Malam ya zo, a ba shi ajin masu shirin baftisma ko ziyarar marasa lafiya, amma kada a sa shi cikin dattawa masu yanke shawara. Na san halin kayana.

Sannan ki gaya mini gaskiya game da tsaro. A rediyo muna jin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ke kuma kullum cewa kike lafiya lau. Ana kwana a ƙauyen ko Malumfashi kuke shiga da dare? Ana zuwa gonakin nesa? In zaman bai yiwuwa, gara mu sani tun yanzu mu kama ɗaki a cikin gari, ko mu fara sauka Kaduna wurin ɗanku kafin a ga yadda hali zai yi. Kada ki ɓoye don gudun tayar mini da hankali, da shi za mu san inda za a aika kaya.

Batun tarba kuma, don Allah ban da anko, ban da yanka sa. Sujadar godiya ta isa. Ni dai a dama mini fura da nono mai kyau, a yi tuwon dawa miyar kuka da daddawarki.

Ki gaishe da Yaya Babba, ki ce masa man zafin da ya ce yana nan cikin kaya. Ki gaishe da Baban biyu, da tagwaye da matansu, da Gwaggo, da dukan zumuntar mata. Malam yana gaisuwa, ya ce a tambayi ko tsamiyar ƙofar gida tana nan. Ina jiran amsar kwanon rufi kafin ƙarshen wata, don in san abin da zan aiko.

Ubangiji ya tsare mu har mu ga juna.

Yayarki,
Maman Salaga