A riƙa kawo mana labarin Walthamstow ma

Edita,

Assalamu alaikum. Ƙorafina shi ne, duk sanda masu ƙyamar baƙi suka fito zanga-zanga a Birtaniya, hoton ƙone-ƙonensu kawai ake nuna mana, a bar waɗanda suka tare musu hanya.

Ranar 29 ga Yulin 2024 aka kashe yara mata uku a garin Southport na Ingila. Nan take aka baza ƙarya a intanet wai maharin Musulmi ne mai neman mafaka, alhali haifaffen birnin Cardiff na Birtaniya ne. Washegari aka yi wa masallacin Southport ruwan bulo. A Rotherham kuma aka nemi ƙona otal da masu neman mafaka a ciki. Har gwamnatin Najeriya sai da ta ja kunnen 'yan ƙasarta.

To, amma a Southport, gari na wayewa bayan harin masallacin, maƙwabta suka fito da tsintsiya, magina suka sake ɗora katangar masallacin. Ranar 7 ga Agusta, masu shaguna sun toshe tagogi da katako don tsoro, sai ga dubban masu adawa da wariya sun cika titi a unguwar Walthamstow da ke Landan. 'Yan tarzomar ko ƙeyarsu ba a gani ba.

Iyayen da 'ya'yansu ke karatu can suna buƙatar jin wannan ɓangaren.

Mai karatunku, daga Kano