Dalilin da ya sa ake sanar da sabon Paparoma da Latin

Malam Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku domin in amsa wa masu cewa lokaci ya yi da fadar Vatican za ta daina sanar da sabon Paparoma da harshen Latin, tunda yawancin masu sauraro ba sa jin sa. Ni ɗan Katolika ne, kuma ina ganin barin wannan al'ada asara ce babba.

A ranar 8 ga Mayu 2025, bayan kadinal 133, wato manyan limaman Katolika masu zaɓen Paparoma, sun kaɗa ƙuri'a zagaye na huɗu a ɗakin ibada na Sistine, farin hayaƙi ya tashi, alamar an zaɓi Paparoma, amma hayaƙin bai gaya wa kowa ko wanene aka zaɓa ba. Sai da wanda aka zaɓa ya amsa cewa ya yarda, ya kuma faɗi sunan da zai ɗauka, sannan Kadinal Dominique Mamberti ya fito barandar Majami'ar Waliyyi Bitrus ya ce, "Annuntio vobis gaudium magnum: habemus Papam," wato yana yi mana albishir mai girma cewa mun sami Paparoma. Daga nan ya ambaci Robert Francis Prevost, ya ce ya zaɓi sunan Leo, na 14 da ya ɗauki sunan. Haka Kadinal Jean-Louis Tauran ya yi wa Paparoma Francis a 2013.

Prevost haifaffen Chicago ne, kuma shi ne ɗan Amurka na farko da ya hau wannan kujera. Da an yi sanarwar da Turanci, da mutane da yawa sun ɗauka cewa wata ƙasa ce ta ci zaɓe, alhali Latin ba harshen gidan kowa ba ne a yau, saboda haka Bafulatanin Yola da mutumin Chiclayo a Peru, inda Prevost ya yi aikin bishop, suna jin labarin a lokaci ɗaya, babu wanda aka fifita. Shi kansa da ya fito bai yi Turanci ba. Ya gaishe da jama'a da Italiyanci da Sifaniyanci, ya sa albarka da Latin.

Abin da ya kamata 'yan jarida su tsaya a kai shi ne sunan. Paparoma Leo na 13 ne ya rubuta wasiƙar Rerum Novarum a 1891 kan haƙƙin ma'aikata a zamanin masana'antu, kuma sabon Paparoma ya shaida wa kadinal-kadinal cewa barazanar da ƙirƙirarriyar basira ke yi wa aikin ɗan Adam da mutuncinsa tana cikin dalilansa na zaɓar wannan suna. Ina fata jaridarku za ta yi wa masu karatu cikakken bayani a kan wannan wasiƙa ta 1891 da Hausa.

Naku,
Mai karatu daga Zariya