Makarantu a daina sayen matacin imel don tsadarsa

Assalamu alaikum Edita. Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana da masu makarantu da shugabanninsu, a kan wani abu da ake kashe wa kuɗi ba tare da an zauna an yi lissafi ba, wato manhajar da ke tace saƙonnin banza na imel, waɗanda ake cewa spam.

Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare mai zaman kanta, kuma ni nake kula da imel ɗin makarantar. Bara ma'ajinmu ya samu saƙo da sunan mai makaranta wai a tura kuɗin littattafai wani sabon asusu da gaggawa, Allah ya taimaka ya ɗaga waya ya tambaya kafin ya tura. To daga ranar hankalin kowa ya tashi, sai ga wani ɗan kwangila da takardu masu ƙyalli, ya ce a biya kuɗin shekara a kan kowane ma'aikaci, kuma da dala.

A nan nake so mutane su tsaya. A ce misali dala 3 ce duk wata a kan mutum ɗaya, ma'aikata 60, ka ga dala 2,160 ke nan a shekara. Farkon 2023 da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati bai kai miliyan ɗaya ba, amma da ta haura 1,500 a 2024 ya zama sama da miliyan uku, alhali manhajar ita ce dai ba abin da aka ƙara mata, kuma wannan kuɗin daga aljihun iyayen yara zai fito wallahi, mutanen da wasunsu sai sun ci bashi suke biyan kuɗin zango.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, Google na ba makarantun da suka cika sharaɗi tsarin imel da sauran ayyuka mai suna Workspace for Education Fundamentals kyauta, Microsoft ma na da Office 365 A1 kyauta, kuma duka biyun da matacinsu a ciki. Google ɗin ma cewa suke Gmail na tare sama da kashi 99.9 cikin ɗari na irin waɗannan saƙonni. Wanda kuma yake da tasa sabar (server), wato kwamfutar da ke riƙe masa imel, akwai matatan SpamAssassin da Rspamd ba ko sisi, sai dai fa waɗannan suna son wuta tsayayya da mutumin da ya iya, in babu su biyun kar ma a fara, arhar za ta koma tsada.

Amma ni abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Mun karɓi waccan manhaja gwaji na wata ɗaya, aka matse ta sosai don a burge mu, lallai shara ta ragu, kowa na murna. Ashe rariyar ta yi ƙananan ido har tana riƙe tsabar. Ranar da na buɗe inda take killace saƙonni sai na tarar da wasiƙar wata ƙungiya mai ba da tallafin karatu, tana neman takardun wata ɗalibarmu marainiya cikin mako guda, wasiƙar ta kwana tara a wurin. Ni na je na faɗa wa mahaifiyarta. Tana zaune a benci ƙofar ofis da fayil ɗin yarinyar a cinya, ba ta ce komai ba sai "Allah ya sa haka ne mafi alheri, Malam", har yau abin yana cina a rai. Ɗan kwangila zai nuna maka adadin sharar da aka tare, ba zai taɓa nuna maka saƙon kirki nawa aka haɗiye ba, kai ne za ka tambaya.

Sannan shi saƙon da ya so cutar ma'ajinmu babu linki babu fayil a ciki, rubutu ne zalla, irin wannan ko mai tsada yana iya barinsa ya wuce. Abin da ya rage mana hatsarin shi ne saita SPF da DKIM da DMARC, wato hanyoyin tantance inda saƙo ya fito, a kan adireshin makaranta don kar wani ya aika saƙo da ainihin sunanmu, da ma tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara a kan haka, sai kuma tilasta wa kowane malami tabbatarwa ta mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatarwa ta waya kafin a shiga imel, da dokar cewa ba a canja asusun biyan kuɗi sai an yi waya. Duk wannan, kuɗin data kawai ya ci.

Ban ce kar a saya ba sam, jami'a mai dubban ɗalibai da bayanan albashi tana iya buƙatar ƙari, musamman da dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanan mutane nauyi. Roƙona dai a gwada tukuna, a ƙirga sharar da ta shigo da saƙon kirki da ya ɓata, a tambayi nawa za a biya shekara mai zuwa in dala ta tashi. Mu dai mun koma na kyauta, muka ware ɗan alawus ga wanda zai riƙa duba akwatin spam kowace safiya kafin a kaɗa ƙararrawa.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wani malamin kwamfuta, Zariya.