A Ji Tsohon Kiɗan Turai da Molonsa na Asali

Malam Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi magana kan lut, molon nan da ya mamaye kiɗan fadojin Italiya, Faransa da Ingila a ƙarni na 16, wanda Turawa suka samo daga ud, wato molon Larabawa.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake kaɗa waƙoƙin John Dowland, makaɗin lut ɗan Ingila wanda ya rasu a 1626, da gitar zamani, a ce wai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Tsirkiyoyin lut na hanjin tumaki ne, yawancinsu an jera su bibbiyu, kuma makaɗi yana taɓa su da tsokar yatsa, shi ya sa sautin ke fita a tausashe, ya ɓace da wuri, har sai mai sauraro ya nutsu. Hatta rubutun kiɗan ma wurin da za a ɗora yatsa yake nunawa, don haka wanda ya sauya kayan kiɗa dole ya sauya abin da aka rubuta.

Ina kira ga masu shirya wasanni da su zaɓi ƙananan ɗakuna, su rage lasifika.

Naka,
Mai karanta jaridarka a kullum