Wasiƙar godiya ga masu gyaran kayan sauti na bakin Babbar Kasuwar Sakkwato

Assalamu alaikum.

Ni mai ba da hayar lasifika ne a nan Sakkwato, da ita nake ci da iyalina. In ana walima, ko saukar Alƙur'ani, ko wa'azin unguwa, sai in loda kayana a bayan a-kori-kura in kama hanya. Akwatunan sifika 4 gare ni, da amfilifaya ɗaya mai ƙara wa sauti ƙarfi, da mikisa mai haɗa muryoyin makirfo, da ɗan janareta. Da su na sha zuwa Kware da Wamakko da Dange, har Illela can bakin iyaka. Na rubuto ne in gode wa wani shagon gyara da ke cikin masu kayan lantarki kusa da Babbar Kasuwa, musamman wani yaro da ke aiki a ƙarƙashin maigidan. Maigidan ya roƙe ni kada in sa sunansa, na kuwa bi maganarsa, amma duk ɗan sana'ar da ya tambaye ni zan raka shi har ƙofa.

Sau uku amfilifayata tana ƙonewa cikin shekara guda. Wanda ba zan manta ba shi ne na Boɗinga, a watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar nan ke haura digiri 40. Ɗalibai sun jeru da allunansu, iyaye sun cika rumfa, malam ya karɓi makirfo zai fara addu'a, sai sauti ya ɗauke ɗif. Na leƙa, jar fitila na ci, ƙauri na tashi, jikin amfilifayar ba ya taɓuwa don zafi. Haka malam ya yi addu'ar da muryarsa, na baya sai dai su ga na gaba sun shafa su ma su shafa. Mai taron bai ce mini uffan ba. Na mayar masa da kuɗinsa ya ƙi karɓa, wannan ya fi komai yi mini ciwo, don ranar ɗansa ce na ɓata masa.

Duk lokacin da ta ƙone ina kai ta wurin gyara. Wuri uku na je. Za a buɗe, a canza tiransista, a karɓi kuɗi, a ce mini zafin gari ne, ko wutar janaretana ce ba ta da kyau. Na ƙarshen cewa ya yi ta gama yayinta, in kawo kuɗi ya samo mini wata. A cikinsu babu wanda ya taɓa tambayata yadda nake jona wayoyina. Na farkonsu ma shi ya murɗa wani ɗan makunni a bayanta zuwa biriji, wato haɗe ɓangarorinta biyu su zama ɗaya, ya ce zan ji ƙarfi ya ninka, na kuwa yi ta yi masa godiya.

Wani abokina mai shelar magani a mota ne ya tura ni wannan shago. Na shiga da amfilifayar a kafaɗa, yaron ya taso ya karɓa, ya ba ni benci da ruwa. Tambayarsa ta farko ita ce, "Baba, ina wayoyin, ina sifikun?" Na ce ai waɗannan lafiyarsu ƙalau. Ya ce in yi haƙuri, ba zai kwance ko kusa ɗaya ba sai ya ga kayan gaba ɗaya. Gaskiya raina ya ɗan sosu, don komawa Mabera da tsakar rana a sake lodi aiki ne. Amma na koma na kwaso.

A ƙofar shagon ya ce in haɗa komai yadda nake haɗawa a wurin taro, ba tare da an kunna ba. Ya tsaya yana kallon hannuna har na gama. Sannan ya tsuguna ya juya akwati ɗaya, ya nuna mini inda aka rubuta ohm 8, wato ma'aunin yadda sifika ke tare wutar da ke shigarta. Ya ce kowane akwati haka yake, kuma in aka jona ɗaya a jikin ɗaya, jar waya da ja, baƙa da baƙa, lambar raguwa take yi: biyu su koma 4, huɗu su koma 2. Duk yadda lambar ta yi ƙasa, haka wutar da sifikun ke ja take ƙaruwa. Shi kuma biriji haɗe ɓangarori biyu na amfilifaya yake yi su tura kaya ɗaya, kowane ɓangare yana ganin rabin lambar. Ke nan kowane ɓangaren tawa ohm 1 yake ɗauka, alhali ga rubutu a bayanta cewa kada a sauka ƙasa da 4 a kowane ɓangare, 8 kuma in biriji ne. Ya ɗora yatsa a kan rubutun ya ce, "Baba, kayan raƙumi aka ɗora wa jaki. Ko sabuwa ka sayo yau, wagga hanya za ta bi." Maganin bai ci ko sisi ba: ya fitar da ita daga biriji, ya raba akwatunan biyu-biyu, kowane ɓangare ya koma 4.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin da ya yi da batirin tocila, mai bolt 1.5. Ya kama bakin wayar kowace sifika, ya taɓa ja a kan batirin, baƙar a gindinsa, ya ce in zuba ido a kan takardar sifikar. Uku suka yi gaba da ɗan sautin "tuf", ta huɗun ta shige ciki. Ashe wayarta a juye take tun ranar da na ƙulla ta da salatif. Ya ce shi ya sa sauti mai nauyi ba ya fita in na tsaya tsakanin akwatunan, ɗaya na tura iska ɗaya na janye ta, ni kuma ina ta ƙara murya don in cike giɓin har jar fitila ta riƙa ƙiftawa. Shekara da shekaru ina jin sautina ba shi da nauyi, ina zargin sifikun.

Wayar kanta ya kankare da wuƙa, sai ga fari ya bayyana a ƙarƙashin jan. Alminiyam ce aka shafe da jan ƙarfe, ni kuwa a matsayin jan ƙarfe zalla na saya. Ya yanko mini ta gaske mai kauri, wadda suke kira 2.5, ya sa mata kan Speakon, irin wanda ake turawa a murɗa ya kulle, ja a 1+ baƙi a 1-, yana murje silin wayar sosai don kada ko ɗaya ya tsallaka ya taɓa ɗan'uwansa. Ya hana ni irin kan jak ɗin da nake amfani da shi, ya ce in aka zare shi amfilifaya na kunne yakan haɗa ja da baƙi. Gyaran cikinta maigidan ya yi, kwana biyu na karɓa, aka ba ni ƙonannun kayan a leda, kuɗin kuma bai kai abin da na biya a baya ba. Da zan tafi yaron ya bi ni har mota yana nanata mini cewa amfilifaya ita ce ƙarshen kunnawa kuma farkon kashewa, in nema mata inuwa, in riƙa busa ƙurar fankarta.

Ina rubutun nan ina tunanin kuɗin da na zubar kan abin da bayanin rabin awa ya warware. Masu gyara da yawa a garin nan sun mayar da ɓoye sani hanyar cin abinci, a gyara maka inda ya ƙone a bar maka abin da ya ƙona shi don ka dawo. Yaran da suke koyarwa ma canza kaya kawai suke gani, ba a nuna musu su ɗora mita su yi lissafi. Masu sayar da waya kuma suna kallon idonka su rantse maka jan ƙarfe ce. Ku saurari masallatan unguwanni lokacin tafsirin azumi, wani lasifikar na ƙugi, wani tana yankewa a tsakiyar aya, kwamiti su bi gida-gida su tara kuɗin sabuwar amfilifaya, a kawo a jona ta a kan tsohon haɗin da ya kashe ta farko. Haƙƙin bayin Allah ne ke tafiya a haka. In ka koma kan masu gyaran firiji da famfon ruwa, kukan ɗaya ne.

Tun daga ranar na yi taro a Wurno da Yabo, na yi kwana uku a jere a Runjin Sambo, ina taɓa amfilifayar ina jin ɗumi kawai. Na gaya wa limaminmu, ranar Asabar za mu kawo muku ta masallaci, kuma wannan karon da wayoyinta da sifikunta za mu zo. Allah ya saka wa maigida da alheri, ya albarkaci yaron nan, ya nuna mana ranar da zai buɗe nasa shagon.

Naku,
Mai hayar lasifika, Mabera, Sakkwato.