Zuwa ga Autata, a kan jirin nan da kike rainawa

Assalamu alaikum, Auta.

Da fatan kin tashi lafiya. Ya karatu, ya ƙarfin jiki? Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Tun daren da muka yi waya hankalina bai kwanta ba. A gurguje kika faɗa mini, tsakanin wata hira da wata, cewa kin miƙe daga kan gado da safe, idanunki suka yi duhu, sai farkawa kika yi kika gan ki a ƙasa, abokiyar ɗakinki na ta kiran sunanki. Da na matsa miki da tambaya kika ce ai jirin ya kai wata biyu yana zuwa yana tafiya, gajiya ce kawai. Na ƙyale ki a lokacin don na ji kina sauri, kuma na san halinki, in aka tsare ki da magana a waya sai ki yi ta "to Umma" har a gama. Shi ya sa na zauna na rubuta, ki karanta a tsanake.

Bari in fara da abin da ke faruwa a jiki, don wanda ya san dalili ya fi saurin kiyayewa. Idan mutum yana kwance, jininsa a baje yake ko'ina daidai. Da ya miƙe tsaye, nauyin jinin kan ja shi ƙasa, wajen rabin lita zuwa lita ɗaya ya taru a ƙafafu da ciki. Akwai wasu 'yan jijiyoyi a manyan hanyoyin jini na wuya da na kusa da zuciya, aikinsu su ji wannan raguwar nan take su kai rahoto, sai zuciya ta ƙara sauri, hanyoyin jini su tsuke, jinin ya koma sama. Duk wannan yana gamawa kafin ki ɗaga ƙafa ta biyu, shi ya sa mai lafiya ba ya ma sanin an yi. Ranar da aikin ya makara, ko jinin da za a tura ya gaza, ƙwaƙwalwa ce ke fara ji, don ita ce a can sama kuma ba ta da ajiya. Daƙiƙa 6 zuwa 10 ba jini sun isa mutum ya sume. Duhun da kika gani, da ƙarar da kunnenki ya yi, su ne gargaɗin da jiki ke bayarwa kafin faɗuwar. Da mutum ya kai ƙasa, kai ya daidaita da zuciya, sai jini ya dawo ya farfaɗo.

Abin tambaya shi ne me ya sa naki jikin yake makara.

Mafi sauƙi shi ne ƙarancin ruwa. Zafi da gumi, zazzaɓi, gudawa ko amai, ko a wuni ana kai da kawo ba a sha ruwa ba, duk suna rage yawan jinin da ke zagayawa. Ki duba fitsarinki: in ya yi duhu kuma kaɗan ne, ruwa jikinki yake nema. Rashin cin abinci a kan lokaci ma yana ƙara abin, kuma na san yadda kike yi in jarrabawa ta matso.

Amma ni zuciyata ta fi karkata ga ƙarancin jini, kuma ba zan ɓoye miki ba. Tun kina gida al'adarki takan yi yawa, takan kuma wuce mako. A shekarun da na yi ina aikin jinya na ga 'yan mata da yawa irinki. Jinin yana tafiya kowane wata, abin da ake ci ba ya mayar da sinadarin ƙarfen da aka rasa, jiki kuma ya yi ta haƙuri yana sabawa, har yarinya ta ɗauka haka kowa yake ji. Za ki ga tana haki in ta hau bene, zuciyarta na dukan uku-uku, kai na ciwo, ga kasala ko ta yi barci. Wata ma har kwaɗayin tauna ƙanƙara ko ƙasa takan yi. Ki tsaya gaban madubi ki ja fatar idonki ta ƙasa, ki kuma dubi tafin hannunki da faratanki. In kin ga sun yi fari maimakon ja, alama ce, ko da yake ido yakan yi kuskure, awo ne kaɗai ke yanke hukunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: mace marar ciki da himogulobin ɗinta, wato sinadarin da ke sa jini ja, ya gaza 12 a awon asibiti tana da ƙarancin jini, namiji kuma 13. Kada ki je ki sayi maganin ƙarin jini da kanki ki ce kin gama. Dole a san ta ina jinin yake zuba. In al'ada ce, tana da magani, kuma ba abin kunya ba ne ki faɗa wa likita kwana nawa kike yi da sau nawa kike canza audugar mata a wuni. In kuwa kin taɓa ganin bayan gidanki ya yi baƙi ƙirin, wannan jini ne daga ciki, irin na gyambon ciki, kuma magungunan kashe ciwo da kike yawan sha lokacin ciwon mara suna iya jawo shi. Wannan ba ya jiran gobe.

Tunda na ambaci magani, kin tuna lokacin da kakarki ta riƙa faɗuwa in ta tashi fitsari da dare? Maganin hawan jininta ne da na sa fitsari suka yi mata yawa, da likita ya gyara adadin sai abin ya tsaya. Magungunan barci, da na damuwa, da wasu na ƙaiƙayi da mura masu sa gyangyaɗi, duk suna iya haka. A wajen manya kuma akwai ciwon suga da ya daɗe, wanda ke lalata jijiyoyin nan masu kai rahoto. Duk abin da kike sha, ko ba likita ne ya rubuta ba, ki zuba a jaka ki tafi da shi.

Akwai kuma sumar da ba ta da alaƙa da ciwo. Mutum ya daɗe a tsaye cikin cunkoso da zafi, ko ya ga jini, ko ya ji zafin allura, sai gumi mai sanyi ya keto, ya ji tashin zuciya, bugun zuciyarsa ya ragu maimakon ya ƙaru, ya zube. Ita ce suma mafi yawa a tsakanin matasa, kuma haɗarinta a faɗuwar yake. Wata matsalar kuma, wadda likitoci ke kira POTS, ta fi kama mata masu shekarunki: awon hawan jini ba ya sauka, amma bugun zuciya ya ƙaru da 30 ko fiye a minti cikin minti goma na tsayuwa, kuma takan biyo bayan doguwar jinya. Sannan ki bambance jiri da hajijiya. In ɗakin ne yake juyawa da ke, musamman in kin juya kai a kan matashi, galibi daga cikin kunne ne, maganinsa daban.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Kaɗan ne cikin masu suma zuciya ce sanadinsu, amma su ne ake gudu. In kin taɓa sumewa kina gudu ko wani aikin ƙarfi, ko kina zaune ko kwance, ko ba wani gargaɗi sai faɗuwa kawai, ko da ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, ko zuciya na bugu ba tsari, to asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Haka in kin bugu a ka, ko wani sashen jiki ya mutu, ko magana ta karye. Za su tambaye ki ko a danginmu akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a yana matashi. Iya sanina babu, ta wajena da ta wajen Babanki.

Kafin ki ga likita, ki daina zabura daga kwance. Ki tashi zaune a bakin gado, ki motsa ƙafafu na minti ɗaya ko biyu, sannan ki miƙe kina dafe da wani abu. Ki ajiye ruwa kusa da gado. In kin ji duhun na zuwa, kada ki ce bari in ƙarasa can, ki zauna ko ki kwanta nan inda kike, ko a gaban wa. In ba hali, ki harɗe ƙafafu ki matse tsokarsu da ƙarfi, ki dunƙule hannu. Kada ki sa sakata a banɗaki, kada ki yi wanka da ruwa mai zafi sosai.

Ki nuna wa abokiyar ɗakinki wannan wajen: in kin sake faɗuwa, ta bar ki a kwance ta ɗaga ƙafafunki, kada ta zaunar da ke, kada ta ɗura miki ruwa ko wani abu a baki sai kin dawo hayyacinki sarai, don yana iya shiga huhu. In ta ga jikinki ya ɗan fizga, masu suma sukan yi haka, ba lallai farfaɗiya ba ce, amma ta lura da tsawon lokacin don ta faɗa wa likita. In minti ɗaya ya wuce ba ki farfaɗo ba, ta nemi taimako.

A asibiti ki roƙa a yi miki awon hawan jini bayan kin kwanta minti 5, a sake aunawa bayan minti 1 da minti 3 da miƙewa. In lambar sama ta sauka da 20, ko ta ƙasa da 10, an kama abin. A duba yawan jini da suga, a kuma yi miki gwajin zuciya na ECG, ba zafi, mintuna kaɗan ne.

Ki je cikin makon nan, Auta. Yayanki ya ce zai raka ki in kina so. In sakamakon ya fito ki ɗauki hotonsa ki turo mini, ina so in ga lambobin da idona. Babanki yana gaishe ki, shi ma ya ce ki kira shi. Allah Ya ba ki lafiya, Ya yi miki albarka.

Ummanki